Gadon Karatu a Ƙasar Buji

Buji sunan gari ne, sunan ƙaramar hukuma ne kuma, cikin Jihar Jigawa. Hedkwatarta tana Gantsa, tana kuwa maƙwabtaka da Birnin Kudu da Kiyawa da Gwaram. Cikin garuruwanta akwai Ahoto, da Falageri, da Kawaya, da Kukuma, da Madabe. Mutanenta Hausawa ne da Fulani, yawancinsu manoma da makiyaya. A zamanin da, ƙasar nan tana haɗe da Birnin Kudu ƙarƙashin Sarkin Kano. Cikin 1991 aka yanke Jigawa daga Jihar Kano, Birnin Kudu ta shiga masarautar Dutse, sa'an nan cikin 1996 aka ba Buji ƙaramar hukuma tata ta kanta.

Baƙon da ya zaga garuruwan nan zai ga makaranta iri uku. Akwai ta allo, a zaure ko a gindin itace. Akwai ta boko mai rufin kwano a bakin gari. Akwai kuma Islamiyya, wadda ita ce ƙanwarsu duka. Abin da baƙo ba zai gani ba shi ne igiyar da ta ɗaure kowace makaranta da gidajen garin, watau wane ne ya karantar da uban wane, gidan wa ya saba kai 'ya'yansa zauren wa, tun yaushe kuma. Ga mutanen gari kuwa, igiyar nan ita ce makarantar, gini da allo kayan aiki ne kawai. Tarihin karatu a ƙasar nan tarihin igiyar nan ne, yadda aka tufka ta a zaure, da yadda makarantar boko ta zo ba ta da ita, da irin shekarun da ta yi kafin ta samu.

Makarantar allo ta riga Turawa zuwa da ɗaruruwan shekaru. A ƙasar Buji, kamar sauran ƙasar Kano, ba hukuma ce ke gina ta ba, gidan malam ne ita. Idan yaro ya kai shekara biyar ko shida, ubansa zai kama hannunsa ya kai shi zauren malamin da ya karantar da shi, in kuwa malamin ya rasu, sai ya kai shi wurin ɗansa da ya gaje shi. Ya durƙusa ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ga ɗanka na kawo." Ba a rubuta suna a littafi, ba a karɓar kome sai goro da abin sadaka. Malam ya san yaron tun ran suna, zama sau da yawa shi ne ya raɗa masa sunan. Ya san halin ubansa sa'ad da yana yaro, ya san ko gidansu gidan saurin hadda ne ko na nawa. Allon da za a ba yaron ma wani lokaci na wansa ne, ko na ubansa, wanda ya yi baƙi ya yi santsi saboda yawan wanki.

Daga nan yaro ya fara babbaƙu, watau sanin haruffa, ya wuce zuwa farfaru, watau wasulla, har ya iya haɗa baƙi. Tawada ta gida ce, da gawayi da ƙaro ake yinta, alƙalami kuwa na gamba ne. Ran Laraba kowane yaro ya zo da ɗan abin da aka ba shi a gida, shi ne kuɗin Laraba, Alhamis da Jumma'a a huta. Kuɗin nan ba su isa ci da malam ba, ba kuwa don haka aka yi su ba. Abin da ke riƙe da malam shi ne gonarsa, wadda almajirai ke nomewa, iyayensu kuma su yi masa gayya, da damman gero da dawa da ake kai masa da kaka. In damina ta rushe zauren, ba a jiran kowa. Waɗanda suka yi karatu a cikinsa su ne za su kwaɓa ƙasa, su yanko azara, su tashe shi kafin sanyi.

Ranar sauka ita ce ranar da igiyar nan ke fitowa fili kowa ya gan ta. Akan yi wa allo zayyana da tawada kala kala, a rubuta Fatiha da farkon Baƙara. Yaro ya sa sababbin tufafi, ya zauna gaban malamai da dattawan unguwa, malam ya biya masa yana amsawa. Uba ya yanka abin da ya sawwaƙa, mai hali ya yanka sa, wani rago, a yi tuwo a raba, a kai wa malam riga ko rawani. Sa'an nan yaro ya ɗauki allonsa ya zaga dangi, kawu da gwaggo da kakanni, kowa ya sa masa albarka ya ba shi abin da ya samu. Dattijon da ke zaune yana kallo, shi ma a zauren nan ya sauke, a bakin uban malamin ko kakansa. Ba ya bukatar wani ya gaya masa amfanin makarantar.

Ita kanta makarantar gado ce. Malam yakan zaɓi ɗaya cikin 'ya'yansa ya riƙa ba shi yara yana biya musu tun yana saurayi. In ba shi da ɗa mai ƙwazo, sai ya dubi almajirin da ya fi natsuwa ya ba shi 'yarsa sadaka, suruki ya gaji zaure. Littattafai ma haka suke bi, Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, cikin gafaka, daga hannu zuwa hannu, wasu da rubutun kakanni a gefen shafi. Malamin gida shi ne mai ɗaurin aure, shi ne mai sulhu in ma'aurata sun saɓa, shi ne kuma mai sallar gawa. Saboda haka mutum ba ya rabuwa da makarantarsa tun daga suna har kushewa.

Akwai kuma masu neman haddar Alƙur'ani, waɗanda karatun gida ba ya isarsu. Su ne 'yan tsangaya. Da an kawar da amfanin gona sai malam ya tashi da almajiransa su nufi gabas, wajen Haɗeja da Nguru har Barno, inda gwanaye suke. Suna da matakai nasu, ƙolo, da titibiri, da gardi, da alaramma, har gwani. Wanda bai san abin ba zai ce yaro ya bar danginsa ke nan. Amma a zamanin da, malamin da ya tafi da shi ɗan garinsu ne, wani lokaci ma kawunsa ne, da bazara kuwa sai ga su sun komo gona. A garin da suka sauka kowane yaro yana da gidan da ake zuba masa tuwo a ƙoƙo, matar gidan ta zama uwar ɗakinsa, yana yi mata ɗiban ruwa da itace. Sau da yawa zumunci ya ƙullu ke nan, har bayan shekaru almajirin ya aiko da ɗansa gidan nan.

Mai karatu kada ya ɗauka malaman nan ba su da ƙarfi. Wajen 1846 wani malami, Malam Hamza, ya tashi daga Tsakuwa ta ƙasar Kano da jama'arsa saboda saɓani da hukuma a kan kuɗin ƙasa, suka shiga duwatsun Ningi. Daga wannan hijira ce mulkin Ningi ya tsiro, wanda mayaƙansa suka yi shekaru suna kai hari kudancin Kano, har ƙasar Birnin Kudu da Dutse. Abin lura a nan shi ne malami ya tashi, gidaje suka bi shi da mata da 'ya'ya. Irin ƙarfin igiyar ke nan.

Amma gado yana da aibinsa, bai kamata a ɓoye ba. Ƙofar da ya buɗe wa wasu, ita ya rufe wa wasu. Ilmi mai zurfi ya tsaya cikin gidaje kaɗan. Ɗan maƙeri da ɗan mahauci da ɗan manomi sukan sami abin salla, sa'an nan su koma sana'ar gidansu, ba wanda ke jin an yi musu rashin adalci. Yarinya kuwa da ta yi izu biyu ko uku sai a cire ta, a fara shirin aure, sai fa 'yar gidan malamai wadda uwarta ko kakarta ke biya mata a cikin gida.

Turawa suka ci Kano cikin watan Fabrairu 1903. Cikin 1909 Hans Bisha, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nasarawa ta Kano. Wajen 1914 Gwamna Lugga ya ƙiyasta makarantun allo na Arewa sun kai 25,000, ga ta boko kuwa ba ta wuce a ƙidaya da yatsu ba. Sannu a hankali En'e ta Kano ta riƙa gina makarantun elementare a garuruwan hakimai, irin su Dutse da Birnin Kudu. Ba a jiran uba ya kawo ɗansa. Takarda ce za ta zo wa hakimi cewa ana son yara kaza, hakimi ya raba wa dagatai, dagaci ya kira masu unguwanni. Ran da aka ji labari sai gari ya ruɗe. Wani ya ɓoye ɗansa a rumbu, wani ya tura shi wurin dangi a wata gunduma, wani ya ba malamin tsangaya shi da dare su yi gabas. Mai abin hannu ya san hanyar da zai bi a tsallake gidansa. Wanda abin ke faɗa wa yawanci shi ne maraya, ko ɗan bara, ko ɗan talakan da ba shi da mai tsaya masa. Uwa ta bi shi da kuka har bayan gari kamar an ɗauki gawa.

An sha cewa jahilci ne ya sa mutane suka yi haka. Maganar ba ta cika ba. Gaskiya ne suna tsoron kada yaro ya bar addininsa, gaskiya ne kuma manomi ba ya son a ɗauke masa hannu ɗaya daga gona ana tsakiyar damina. Amma akwai wani dalili da ba a cika faɗa ba. Makarantar nan ba ta da asali a garin. Malaminta baƙo ne, En'e ta aiko shi, En'e ke biyansa, gobe kuma ta ɗauke shi ta kai wani gari. Ba a san ubansa ba, ba a san wanda ya karantar da shi ba. Bai raɗa sunan kowa ba, ba zai yi wa kowa salla ba. Mutumin da ya saba damƙa ɗansa amana a hannun wanda kakansa ya sani, yanzu an ce ya damƙa shi ga wa? Ga gini? Ga takarda? Tambaya ce ta mai hankali, hukuma kuwa ba ta da amsarta a lokacin, sai dogari.

Cikin 1947 aka kafa makarantar midil a Birnin Kudu, wadda daga baya ta zama sakandare, aka san ta da Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu. Ita ce babbar makaranta mafi kusa da mutanen Buji. Makarantar kwana ce, ana tara yara daga gundumomin Kano nesa da kusa. A nan wani sabon zumunci ya tsiro wanda ba na jini ba ne. Yaro ya zo ba ya san kowa, babban ɗalibi ya ɗauke shi ya zama uban ɗakinsa, yana yi masa wanki da ɗebo ruwa, shi kuma yana kāre shi yana nuna masa karatu. 'Yan aji ɗaya suka ci daga kwano ɗaya, suka sha bulala ɗaya, suka tashi kamar 'yan ɗaki ɗaya. Bayan sun fita suka riƙa zuwa sunan juna da auren juna, har wani ya ba wani ƙanwarsa. Tsofaffin ɗaliban makarantar suka kafa ƙungiya da ake kira BIKOBA. Cikin waɗanda suka zauna a azuzuwanta akwai Alhaji Aliko Ɗangote, da Dakta Abdullahi Umar Ganduje wanda ya yi gwamnan Kano daga 2015 zuwa 2023.

Sarauta ma ta bi hanyar nan. Marigayi Sarkin Dutse Alhaji Nuhu Muhammadu Sanusi ya fara karatu a elementare ta Dutse, ya wuce Birnin Kudu, daga baya karatu ya kai shi har Jami'ar Ohayo ta Amurka. Ya gaji mahaifinsa cikin 1995, ya yi sarauta har rasuwarsa a watan Janairu 2023, ɗansa Hamim ya gaje shi. Gidajen sarauta sun riga talakawa gane inda zamani ya nufa, domin su ne ke kusa da Di'o da Razdan, su ne suka fara ganin cewa nan gaba ba mai riƙe littafin haraji sai wanda ya iya boko.

A ƙauye abin da ya juya zukata ba wa'azi ba ne. Marayan nan ne da aka kama aka kai makaranta yana kuka. Bayan shekara goma sai ga shi ya komo da keke, da farar riga, ya zama malamin gona, ko malamin asibiti, ko magatakardan hakimi, ana biyansa albashi kowane wata, ko an yi ruwa ko ba a yi ba. Bai bar salla ba. Wanda ya ba da akuya don a tsallake ɗansa, yanzu shi ne ke durƙusa wa marayan don ya karanta masa takarda. Kai, duniya makaranta! Shi kuwa ma'aikacin nan, da ya yi aure ya haifu, ba sai dogari ya zo ba. Ya sa 'ya'yansa, ya ɗauko 'ya'yan 'yan'uwansa daga ƙauye ya riƙe su a gidansa don su sami makaranta. Gida ɗaya na malamin makaranta a Birnin Kudu ko Dutse yakan zama masaukin yaran dangi masu yawa. Ta haka boko ya fara zama gado shi ma. Sai dai ya ɗauko aibin wansa, ya tsaya cikin gidaje kaɗan. Har yau in an bi asalin ma'aikatan wani gari, sau da yawa a tarar da su sun fito daga tsatson mutum biyu ko uku da aka kama a zamanin En'e.

Akwai wata ƙofa da boko ya shiga gidaje ta cikinta, ita ce ta manya. A farkon shekarun 1950 Gwamnatin Jihar Arewa ta ɗaura Yaƙi da Jahilci. Aka buɗe azuzuwa a ƙauyuka, magidanta masu gemu suka zauna a tabarma da yamma suna koyon a, ba, ca. Hukumar NORLA a Zariya ta riƙa buga musu ƙananan littattafai da jaridu na larduna, ta lardin Kano ita ce Sodangi, ga kuma Gaskiya Ta Fi Kwabo da ke fitowa tun 1939. Abin da ya kai manomi ajin nan ba boyayye ba ne. Yana so ya karanta takardar harajinsa da kansa, ya ga abin da sikeli ya nuna ran awon gyaɗa, ya rubuta wa ɗan'uwansa wasiƙa ba tare da wani ya ji asirinsa ba. Amma ribar da ta fi wannan ita ce, mutumin da ya riƙe fensir da hannunsa ya daina jin tsoron abin da ake koya wa ɗansa. Ya ga baƙaƙe ne kawai, ba tsafi ba ne. Cikin 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, Jihar Kano ta kafa hukumar ilmin manya, lokacin kuwa Buji tana cikin Kano. Aikin hukumar ya yi kyau har UNESCO ta ba ta lambar yabo cikin 1983. Gidaje da yawa da ke da masu digiri yau, in an bincika, farkon wanda ya karanta boko a cikinsu kaka ne da ya yi ajin yamma.

Shekara ta 1976 ita ce ta canja kome gaba ɗaya. Cikin watan Satumba gwamnatin Janar Obasanjo ta soma shirin ilmin firamare kyauta ga kowane yaro, a shekarar nan kuma aka yi gyaran ƙananan hukumomi wanda ya kawo ƙarshen tsarin En'e. Ƙauyukan da ba su taɓa ganin aji ba suka wayi gari da makaranta. Yara suka yi yawa, malamai suka yi kaɗan, aka horar da wasu cikin gaggawa aka tura su. Alheri ne babba, ba shakka. Amma tsohuwar tambayar nan ba a amsa ta ba tukuna. Mutane suna kiran abin makarantar gwamnati, kuma haka suka ɗauke ta. In iska ta yaye rufin aji da farkon damina, sai kwanon ya kwana a gona, gari ya zuba ido yana jiran hukuma, wani lokaci har shekara ta zagayo. Mutanen nan kuwa su ne waɗanda in zauren malam ya faɗi ba sa bari ya yi mako a ƙasa. Ba rowa ba ce, ba lalaci ba ne. Zauren nasu ne, ajin kuwa ba su ji nasu ba ne.

Abin da takarda ba ta iya yi ba, shekaru sun yi. Yaron da ya shiga aji ɗaya cikin 1976 yana da shekara shida, ya kai hamsin cikin 2020, yana da jikoki. Ya san sunan hedimastansa na farko, ya san itacen da suka dasa a filin makaranta. In ya kai ɗansa ko jikansa, ba baƙon wuri ya kai shi ba. Malamai da yawa kuma 'yan ƙasa ne, an san iyayensu, a masallaci ɗaya ake haɗuwa da su. Mutum yana iya tsayar da malamin ɗansa a kasuwa ya ce, "Malam, yaya yaron naka?" kamar yadda ubansa ke tambayar malamin zaure. Cikin 2006 majalisar ilmi ta ƙasa ta yarda kowace makaranta ta sami kwamiti na mutanen gari, a sa mai gari ko wakilinsa, da malamin addini, da mata, da tsofaffin ɗalibai. Inda kwamitin ya tarar da zumunci a ƙasa, yakan yi aiki, a gyara benci, a bi gida gida a tambayi dalilin da ya hana yaro zuwa. Inda bai tarar ba, sunaye ne a takarda. Cikin 2011 aka buɗe Jami'ar Tarayya a Dutse, ɗan Buji ya sami jami'a a cikin masarautarsu, abin da kakansa bai taɓa mafarki ba.

Sha'anin mata ya fi nawa, shi ne kuwa ya fi muhimmanci, domin yaro a ɗakin uwa yake kwana. Tun 1930 aka buɗe wa 'yan mata makaranta a Kano da Katsina, amma ta 'ya'yan fada ce, labarinta bai iso ƙauye ba. Ko bayan 1976 yarinya takan yi aji uku ko huɗu a cire ta, domin ita ce mai kai tallar uwarta, da ribar tallar kuwa ake tara kayan ɗakinta. Wanda ya ce wa uwa ta bar 'yarta a aji, ya kamata ya gaya mata wa zai kai ƙosai kasuwa. Islamiyya ce ta sassauta wannan ƙulli. Tana da aji da allon bango da rajista irin na boko, karatunta kuwa na addini ne, saboda haka maigida ba ya jin nauyin barin 'yarsa, har matarsa, su je. Matar da ta zauna a aji, ko na Islamiyya ne, ta san abin da ake nufi da jarrabawa, ta san ranar da ake raba sakamako, takan tambaya. Kakar da ta yi firamare ba ta da yawa a ƙauyukan nan tukuna. Uwar da ta yi, tana ƙaruwa.

Ana cikin haka, igiyar tsangaya da ta fi kowace ƙarfi ita ce ta fara saki. Ƙasar noma ta yi kaɗan, malamai suka bar komowa gona da bazara, suka zauna a manyan birane. Uba ya riƙa ba da ɗan shekara shida ga malamin da bai san gidansu ba, wani ne kawai ya yi masa kwatancensa. A birni ba uwar ɗaki mai zuba tuwo kullum, sai bara a tasha da bakin kasuwa. Sunan bai sake ba, almajiri ne, allon ma shi ne, amma amanar da ke tsakanin gida da gida ta fita daga ciki. Cikin 2020, sa'ad da annobar korona ta zo, gwamnonin Arewa suka shirya kowace jiha ta mai da almajirai jiharsu ta asali. Aka kawo ɗaruruwan yara Jigawa cikin motoci, aka tsare su aka gwada lafiyarsu, sa'an nan hukuma ta shiga neman iyayensu ta hannun hakimai da dagatai. A zamanin kakanninsu ba a bukatar hukuma ta nemi uban almajiri, malaminsa ya san ƙofar gidan. Tsangayun da suka tsaya a ƙauyukansu, malam yana nomansa, iyaye suna kusa, ba su shiga wannan wahala ba, har yanzu kuwa ana saukar Alƙur'ani a cikinsu kamar da.

A rugagen Fulani na ƙasar Buji labarin yana baya da tsara guda ko biyu. Cikin 1989 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar ilmin makiyaya, aka riƙa buɗe wa 'ya'yansu makarantu kusa da mashekari. Yawancin yaran da ke zama a azuzuwan nan su ne na fari a gidajensu. Ubansu bai yi ba, kakansu bai yi ba, malamin kuwa sau da yawa daga gari yake zuwa a kan babur, wani ma ba ya jin Fulatanci. Da safe uba yakan tsaya ya dubi shanu, ya dubi yaron, ya yi lissafin wanda zai kai su kiwo in an tafi aji. Wani ya raba, ɗa ɗaya ya bi shanu, ɗaya ya ɗauki littafi, shekara mai zuwa kuma a sake shawara.